Lissafin Rabon Adalci: Binciken Zamani a Ma'aunin Babin Auli da Babin Ƙisma

Tsakure

Maƙalar nan ta yi bayanin wani fagen bincike da ya haɗa ilimin kwamfuta da na tattalin arziki da nazariyyar wasa, wato nazarin rabon adalci, sannan ta auna sakamakonsa da abin da malaman fiƙihu suka shimfiɗa game da auli, da rabon dukiyar wanda bashi ya fi ƙarfinsa, da kuma ƙisma. Abin da ta tsaya a kai shi ne: lissafi yana iya bayyana abin da kowace ƙa'idar rabo ke haifarwa, yana kuma iya taimaka wa magada wajen mayar da kasonsu zuwa gida da gona da dabba, amma tantance mai haƙƙi da gwargwadon haƙƙinsa aikin nassi ne da ijtihadin malamai.

Gabatarwa

Ɗalibin da ya ƙware a ilimin fara'ili yakan fitar da asalin mas'ala cikin 'yan mintoci, ya ce mata tana da sumuni, uwa tana da sudusi, saura kuma na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Wahalar takan fara ne bayan an rufe littafi. Abin da mamaci ya bari gida ɗaya ne, da gona ɗaya mai fadama a gefe guda da tudu a ɗaya gefen, da rumfar kasuwa, da 'yan shanu. Babu ɗaya daga cikinsu da ke tsaguwa gida ashirin da huɗu ba tare da ya lalace ba. A nan ne zumunci kan yanke, a nan ne kuma rabon mata da marayu kan salwanta, domin wanda ya fi ƙarfin murya shi ke sa wa kaya kuɗi, shi ke kuma zaɓar wanda zai ɗauka.

Wannan matsala ta daɗe tana jan hankalin masana lissafi. Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya keɓe wani babban yanki na littafinsa na aljabara, wanda ya wallafa wajen shekarar 820 Miladiyya, ga mas'alolin wasiyya da gado. Daga sunansa ne kuma Turawa suka samo kalmar algoridim, wato jerin matakai tsararru da ake bi ɗaya bayan ɗaya har a warware matsala, wanda a yau shi ne ginshiƙin ilimin kwamfuta. Saboda haka idan ɗalibin shari'a ya leƙa abin da masanan kwamfuta ke rubutawa game da rabo, yana bibiyar tambayar da magabatansa suka riga suka ɗaura wa alƙalami.

Inda Ilimomi Uku Suka Haɗu

Nazariyyar wasa ba ta da alaƙa da caca ko shagala. Masu ilimin suna kiran duk wani hali da wasa matuƙar sakamakon da mutum zai samu ya rataya ga abin da ya zaɓa da kuma abin da wasu suka zaɓa, kamar ciniki, ko gwanjo, ko sulhu. An kafa harsashinta da littafin John von Neumann da Oskar Morgenstern na 1944, sannan John Nash ya faɗaɗa ta a 1950. Daga baya masana tattalin arziki suka juya tambayar. Maimakon a ɗauki dokoki a yi hasashen yadda mutane za su aikata, sai a fara da sakamakon da ake so, a ƙera dokokin da za su kai ga shi ko da kowa yana bin son ransa. Wannan reshe, wanda ake iya kira ƙirar tsarin ma'amala, shi ya sa aka ba Leonid Hurwicz da Eric Maskin da Roger Myerson lambar Nobel ta tattalin arziki a 2007. Masanan kwamfuta kuma suka ƙaro tambaya ta uku, musamman tun daga aikin Noam Nisan da Amir Ronen na 1999: idan an tabbatar akwai rabo mai kyau, matakai nawa ake buƙata kafin a gano shi, kuma shin na'ura za ta iya gama lissafin cikin lokacin da zai yi amfani?

Nazarin rabon adalci yana tsakiyar waɗannan tambayoyi. Manyan matsalolinsa biyu ne, kuma kowace tana da takwararta a fiƙihu. Ta farko ita ce a sami dukiya mai rabuwa, kamar kuɗi, amma haƙƙoƙin da ke kanta sun fi ta yawa. Ta biyu ita ce a san rabon kowa, amma dukiyar ta ƙunshi abubuwan da ba su tsaguwa, kuma masu haƙƙi sun saɓa wajen ƙimanta su.

Matsala ta Farko: Haƙƙoƙi Sun Fi Dukiya Yawa

Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Bisa ayoyin gado na Suratun Nisa'i, miji yana da rabi, 'yan'uwan biyu suna da biyu bisa uku. Asalin mas'alar shida ne: uku na miji, huɗu nasu, jimla bakwai. An ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, aka fara fuskantar irin wannan, ya yi shawara da sahabbai, aka kwatanta masa lamarin da mutumin da ya mutu ya bar dirhami shida, alhali wani na bin sa uku wani kuma huɗu. Sai aka mayar da asalin mas'alar bakwai, naƙasar ta hau kan kowa gwargwadon rabonsa. Wannan shi ne auli, kuma a kansa mazhabobi huɗu suka tafi. Asali uku ne ke karɓar auli: shida kan hau zuwa bakwai, takwas, tara ko goma, goma sha biyu kan hau zuwa goma sha uku, goma sha biyar ko goma sha bakwai, ashirin da huɗu kuma kan hau zuwa ashirin da bakwai, kamar a mas'alar Mimbariyya da ake jingina wa Sayyidina Ali, inda mata da 'ya'ya mata biyu da iyaye suka haɗu, sumunin mata ya koma ɗaya bisa tara.

Abdullahi bin Abbas ya saɓa. A wajensa, a fara cika rabon waɗanda ba su taɓa sauka daga farali sai zuwa wani faralin, kamar miji da mata da uwa, naƙasar kuma ta sauka kan waɗanda wani lokaci ke komawa masu cin saura, wato 'ya'ya mata da 'yan'uwa mata. Ibn Hazm da Zahiriyya sun bi wannan ra'ayi, haka ma Shi'a Imamiyya. Idan tarikar naira 420,000 ce, auli zai ba miji 180,000, 'yan'uwan biyu 240,000. A ra'ayin Ibn Abbas miji zai ɗauki 210,000 cif, su raba 210,000 da ta rage. A harshen masu binciken zamani, na farko shi ne rabon gwargwado, na biyu shi ne rabon fifiko.

Akwai kuma hanya ta uku da ta fito daga littattafan Yahudawa. A cikin Mishna, wadda aka tattara wajen shekarar 200 Miladiyya, an kawo mutumin da ya mutu matansa uku na bin sa 100 da 200 da 300. Idan ya bar 100, kowace ta sami sulusi. Idan ya bar 200, su sami 50 da 75 da 75. Idan ya bar 300, su sami 50 da 100 da 150. Waɗannan alƙaluma sun daɗe suna ɗaure wa masu sharhi kai, domin na farko rabon daidai ne, na uku rabon gwargwado ne, na tsakiya kuma bai yi kama da ko ɗaya ba. Barry O'Neill ya sanya irin wannan matsala cikin tsarin nazariyyar wasa a 1982, sannan a 1985 Robert Aumann da Michael Maschler suka nuna cewa ƙa'ida guda ce ta haifi alƙaluman gaba ɗaya. Tsakanin mutum biyu, kowa ya fara ɗaukar abin da ɗan'uwansa bai yi da'awarsa ba, sannan a raba abin da ake jayayya a kai gida biyu. A ɗauki matan farko biyu a hali na tsakiya: tare sun sami 125. Mai bin 100 ba ta da ta cewa a kan 25, don haka 25 ta mai bin 200 ce. Sauran 100 aka raba musu hamsin-hamsin, ya zama 50 da 75. Duk mata biyun da aka ware daga cikin ukun, a kowane hali, haka lissafin zai fito.

Abin da Lissafi Ya Tabbatar Game da Rabon Gwargwado

Samuwar hanyoyi uku masu ma'ana ta sa masu bincike suka koma tambayar siffofin da kowace ta keɓanta da su. Siffar da aka ambata a sama, wato hukuncin jama'a ya zo daidai da hukuncin kowane mutum biyu daga cikinsu, rabon gwargwado ma yana da ita: bayan auli, nisbar rabon miji ga na 'yan'uwa mata tana nan uku ga huɗu kamar yadda take kafin auli. Amma akwai siffar da rabon gwargwado kaɗai ke da ita, wato ba a iya yi masa dabara ta hanyar tsaga bashi ko haɗe shi.

Misali zai fayyace wannan. A hanyar Mishna, idan dukiya 200 ce, mai bin 300 yana samun 75. Da zai raba takardar bashinsa ga 'ya'yansa uku, kowa ya zo yana bin 100, masu bin bashi sun zama biyar, kowa ya sami 40, gidansa ya tashi da 120. Ya ƙaru da 45 ba tare da haƙƙinsa ya ƙaru da ko kwabo ba, kuma daga aljihun sauran aka ciro ta. A rabon gwargwado kuwa, dukiyar sulusin bashin ce, don haka 300 tana jawo 100, ko mutum ɗaya ya riƙe ta ko mutum goma. Binciken da ya faro daga O'Neill ya tabbatar da cewa, bisa wasu sharuɗɗa masu sauƙi, babu wata ƙa'ida da ta tsira daga dabarar tsagawa da ta haɗewa gaba ɗaya sai rabon gwargwado.

Wannan yana haskaka hikimar abin da malamai ke kira muhassa, wato raba dukiyar wanda ya tsiyace tsakanin masu bin sa bashi gwargwadon bashin kowa. Bashi abu ne da ake iya juyar da shi daga hannu zuwa hannu ta hawala ko kyauta, don haka duk ƙa'idar da ke saka wa mai tsaga shi za ta buɗe ƙofar hila. Fiƙihu bai tsaya ga gwargwado kaɗai ba, yana haɗa shi da fifiko a inda dalili ya zo: mai riƙe da jingina ya fi kowa haƙƙi a kanta, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ya tarar da hajarsa tana nan yadda take a hannun wanda ya tsiyace yana iya ɗaukar abinsa, amma idan mutuwa mai sayen ya yi, sai ya shiga sahun sauran masu bin bashi. Wajibi ne kuma a lura cewa wannan sakamako na lissafi ba hujja ba ce ta rinjayar da auli a kan ra'ayin Ibn Abbas, domin farali ba ya tsaguwa da son magaji kamar yadda bashi ke tsaguwa. Hujjar jamhuru tana cikin gamewar ayoyin da aikin sahabbai da kuma ƙiyasi a kan bashi.

Matsala ta Biyu: Dukiyar da Aka Saɓa a Ƙimarta

Tsohuwar dabarar rabo tsakanin mutum biyu ita ce ɗaya ya raba, ɗaya ya zaɓa. Mai rabawa ya san ragowa zai ɗauka, don haka maslaharsa ita ce ya daidaita kason biyu a idonsa. Mai zaɓe kuma ya ɗauki wanda ya fi masa. Babu buƙatar ɗayansu ya zama mai tsentseni kafin rabon ya yi kyau, domin tsarin da kansa ya mayar da son rai mai gadin adalci. Irin wannan tunani ne ke bayan yadda ake kasa naman watanda kashi-kashi kafin a san na wane ne wannan.

A 1948 masanin lissafi ɗan ƙasar Polan, Hugo Steinhaus, tare da abokan aikinsa Stefan Banach da Bronislaw Knaster, suka faɗaɗa tambayar zuwa mutane da yawa. Daga nan aka tsayar da ma'aunai. Na farko shi ne cikar kaso: idan mutum biyar ne masu haƙƙi daidai, kowa ya ga ya sami aƙalla ɗaya bisa biyar a ƙimarsa. Na biyu, wanda ya fi tsanani, shi ne rashin kyashi: kada a sami wanda zai so a musanya masa kasonsa da na wani. Kalmar a nan ba ta nufin hassadar da shari'a ta yi hani da ita, siffa ce ta rabon kansa. Na uku shi ne rashin asarar amfani: kada ya zama akwai wani rabon da zai ƙara wa wani ba tare da ya rage wa kowa ba.

Ga abin da ke yankuwa yadda ake so, kamar fili, John Selfridge da John Conway sun gano hanyar rabo marar kyashi ga mutum uku wajen 1960. Steven Brams da Alan Taylor suka kawo ta kowane adadi a 1995, sai dai ba a iya iyakance yawan matakanta tun farko. Sai a 2016 Haris Aziz da Simon Mackenzie, a Ostareliya, suka samar da hanyar da ke da iyaka, ko da yake iyakar ta yi girman da ba za a iya aiki da ita a zahiri ba. Wannan ya nuna tazarar da ke tsakanin tabbatar da samuwar rabo mai adalci da iya kaiwa gare shi.

Ga abin da ba ya yankuwa, lamarin ya fi wuya. Idan gida ɗaya ne magada biyu, ba makawa ɗaya ya rasa. Ko da kayan suna da yawa, gano ko akwai rabon da ya daidaita tsaf yana cikin matsalolin da ba a san wata hanya mai sauri ta warware su ba, kuma Richard Karp ya lissafa irinta cikin jerin matsaloli masu tsauri da ya fitar a 1972. Kaya talatin tsakanin mutum biyu ana iya raba su ta hanyoyi fiye da biliyan ɗaya. Don haka masu bincike suka sassauta ma'aunin: a yarda da kyashin da zai gushe idan aka cire abu ɗaya tak daga kason wanda ake kyashi. Wannan tunani ya bayyana a aikin Richard Lipton da abokansa a 2004, Eric Budish kuma ya tsayar da shi a 2011. Hanya mafi sauƙi ta cim masa ita ce zaɓen bi da bi: kowa ya ɗauki abu ɗaya, a zagayo. Dalilin ingancinta a fili yake. Duk abin da mutum ya ɗauka a zagaye, ya fifita shi a kan abin da wanda ya riga shi zai ɗauka a zagaye na gaba, don haka abin da kawai zai iya tsaya masa a rai shi ne zaɓin farko na wancan. A 2016 Ioannis Caragiannis da Ariel Procaccia da abokansu suka tabbatar da cewa rabon da ya fi ɗaukaka sakamakon ninka amfanin kowa da na sauran yana haɗa wannan ma'auni da rashin asarar amfani a lokaci guda.

Da yake rabon magada ba daidai yake ba, an yi nazarin zaɓen bi da bi mai la'akari da nauyin haƙƙi. Ƙa'idarsa ita ce a raba yawan abin da kowa ya ɗauka da nauyin rabonsa, wanda lissafinsa ya fi ƙanƙanta shi ke zaɓe na gaba. Ɗa ɗaya da 'ya'ya mata biyu a kan dabbobi takwas: ɗan ya zaɓa, kowace 'ya ta zaɓa, ɗan ya sake zaɓa, sannan a maimaita, ya tashi da huɗu, su da bibbiyu. Wannan yana kyau ne idan kayan sun kusanci juna a daraja. Idan gida ne da awaki, sassaucin abu ɗaya tak ya zama zalunci bayyananne, domin abu ɗayan shi ne gidan.

Misalin Tsarin Maki

Brams da Taylor sun kawo wani tsari na mutum biyu a littafinsu na 1996. Kowa yana rarraba maki 100 a kan kayan a ɓoye, gwargwadon yadda suke a ransa. A ɗauka wa da ƙane ne suka gaji gida da gona da shago da shanu goma masu kusancin daraja. Wan ya ba gida 45, gona 15, shago 10, shanu 30. Ƙanen ya ba gida 25, gona 35, shago 20, shanu 20. Da farko kowane abu ya tafi ga wanda ya fi ba shi maki: wan ya sami gida da shanu, maki 75, ƙanen ya sami gona da shago, maki 55. Sai a daidaita ta hanyar abin da ƙimarsu ta fi kusa a kansa, wato shanu. Idan aka mayar wa ƙanen shanu huɗu, wan ya ragu da 12 ya koma 63, ƙanen ya ƙaru da 8 ya kai 63. Kowannensu ya sami 63 cikin 100 a idonsa, alhali da an sayar da komai an raba kuɗin, rabi kawai kowa zai ce ya samu. Ƙarin ya fito ne daga saɓanin buƙatunsu: manomi ya riƙe gona, mai iyali ya riƙe gida.

Raunin tsarin shi ne wanda ya san makin ɗan'uwansa yana iya ƙarya ya ci riba. Da wan ya san ƙanen zai ba gida 25, sai ya rubuta 26, ya zuba ragowar makin a kan sauran kaya, ya sami gidan da arha. Wannan rauni ba na wannan tsari ba ne shi kaɗai. An tabbatar da cewa, a kayan da ba su tsaguwa, babu wani tsari marar ƙuri'a kuma marar biyan kuɗi da zai haɗa adalcin da aka bayyana da tabbacin cewa ƙarya ba za ta taɓa amfanar kowa ba, ko da tsakanin mutum biyu ne, matuƙar kayan sun ɗan yi yawa. Ma'ana, lissafin da kansa ya shaida cewa akwai gurbin da sai amana ta cike shi.

Matsayin Waɗannan Hanyoyi a Babin Ƙisma

Malaman Malikiyya sun kasa ƙisma uku. Akwai ta karɓa-karɓar amfani, inda asalin dukiya ke zama na tarayya, kowa ya mora na wani lokaci ko wani sashe. Akwai ta yarjejeniya, wadda hukuncinta kamar na ciniki ne. Akwai kuma ta ƙuri'a, wadda tantance haƙƙi ce, kuma ita ce ake tilasta wa wanda ya ƙi. Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya bayyana a Risala cewa ƙuri'a ba ta shiga sai a nau'i ɗaya na dukiya, kuma idan rabon zai buƙaci wani ya cika wa wani kuɗi, bai halatta ba sai da yardar juna. Ya kuma bayyana cewa abin da ba ya rabuwa sai da cutarwa, idan ɗaya ya nemi a sayar, ana tilasta wa wanda ya ƙi.

Ƙismar ƙuri'a, idan aka dube ta da idon masu ƙirar tsari, tana da ƙarfi ƙwarai. Ana fara daidaita kaso da ƙima, sannan a jefa ƙuri'a. Tun da babu wanda ya san kason da zai faɗo masa, babu magajin da zai amfana da kumbura wani kaso ko tauye wani. Asalinta tabbatacce ne: Alƙur'ani ya ambace ta a ƙissar renon Maryam da ta Annabi Yunusa, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, yakan jefa ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya, ya kuma jefa ta a kan bayi shida da wani ya 'yanta a ciwon ajali alhali ba ya da wata dukiya, aka 'yanta biyu, daidai da sulusi. Ta bambanta da caca domin ba ta ƙirƙirar haƙƙi ga kowa, tana ayyana wurin haƙƙin da ya riga ya tabbata ne. Abin da take rasawa shi ne ba ta kula da buƙatar kowane magaji: tana iya jefa wa ɗan kasuwa yankin gonar da manomi ya fi buƙata.

Tsarin maki da zaɓen bi da bi suna cike wannan giɓi, amma suna haɗa nau'o'i daban-daban, suna kuma dogara ga ƙimar da kowa ya sa da kansa. Don haka mazauninsu ƙismar yarjejeniya ce, kuma hukunce-hukunce huɗu ke biyo baya. Na ɗaya, ba a tilasta su a kan magajin da bai yarda ba, kuma yardar da aka samo ta kunya ko matsin dangi, kamar yadda kan faru da mata, ba abin dogaro ba ce. Na biyu, tun da hukuncinsu na ciniki ne, sharuɗɗan riba suna aiki a kansu idan tarika ta ƙunshi zinariya ko kuɗi ko hatsi. Na uku, maraya da wanda ba ya cikin hankalinsa ba su da makin da za su rubuta, waliyyi ko wasiyyi ko alƙali ke tsaya musu, kuma ma'auninsa maslaharsu ce bisa ƙimar kasuwa. Na huɗu, duk wannan yana zuwa ne bayan an fitar da haƙƙoƙin da suka rataya ga wani abu na tarika, da kuɗin jana'iza, da bashi, da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, an kuma tantance magada da faralinsu.

Kammalawa

Kotunan shari'a da malaman da ake kira rabon gado a ƙasar Hausa suna aiki da Risala da Mukhtasar na Khalil, waɗanda suka riga suka tanadi ƙofar yarjejeniya. Abin da binciken zamani ke iya ƙarawa shi ne tsararriyar hanyar kai magada ga yarjejeniyar: kowa ya rubuta ƙimarsa a ɓoye ya miƙa ga amintacce, a yi lissafi a gaban kowa, a gwada sakamakon da ƙimar masana kasuwa don kare mai rauni, sannan a nemi yardar kowa ɗaya bayan ɗaya. Idan wani ya ƙi, a koma ga ƙuri'a a abin da ke rabuwa, ko sayarwa a abin da ba ya rabuwa. Mafi yawan wannan ana iya yin sa da takarda da alƙalami, kwamfuta tana shigowa ne idan kaya da magada suka yi yawa.

Akwai aikin da ke jiran ɗaliban shari'a masu sha'awar lissafi. Yawancin sakamakon da aka ambata an gina su ne a kan masu haƙƙi daidai, ba tare da sharaɗin riba ko bambancin nau'in dukiya ba. Tsara hanyar rabo da za ta ɗauki farali a matsayin nauyi, ta kiyaye waɗannan sharuɗɗa tun daga tushe, ta kuma bayyana wa alƙali inda cikon kuɗi ya halatta da inda ya haramta, bincike ne da ba zai yiwu ba sai ga wanda ya san babin ƙisma da babin ciniki kamar yadda ya san lissafi. Allah ne Mafi sani.